Ƙwallayen Mangwaron da Na Hana a Ƙone

A shekarun da arzikin man fetur ya fara shigowa, ni malamin gona ne a Birnin Kudu, saurayi mai takardar shaida da sabon babur na gwamnati. A lokacin ban yarda akwai ilimin noma wajen wanda bai zauna a aji ba.

Cikin manoman da nake zagayawa akwai wani dattijo a Fagam, mai lambun mangwaro da ya gada daga mahaifinsa. Kowace safiya yakan tsince 'ya'yan da suka faɗo, ya fasa ƙwallaye kaɗan da wuƙa ya duba cikinsu, sauran ya ƙone. Na ce masa wannan ɓarnar iri ce, ya tara mini ƙwallayen a gindin bishiya domin renon dashe, feshin maganin ƙwari zai wadatar. Ya amsa cikin ladabi, yana kirana Malam duk da ya yi jika da ni, cewa akwai ƙwaron da ke girma a cikin ƙwallo tun ɗan mangwaron yana ƙarami, kuma feshi ba ya ganin abin da ke ɗaka. Na yi dariya. Ya bi umarnina domin ni ne bakin hukuma.

Da shekara ta zagayo, mangwaron ya fara zuba tun bai nuna ba. A waje sumul, babu tabo. Dattijon ya miƙo mini wuƙarsa. Na fasa ƙwallo ɗaya, na tarar da baƙin gari da ƙwaro kwance, ya naɗe ƙafafu kamar matacce. Na fasa na biyu, na uku. Sai na tuna na riga na raba buhunan ƙwallayen nan har ƙauyukan Surko da Maruta.

A rahotona na ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa, aka kuma ƙara mini girma. Shi kuwa ya sare bishiyoyin mahaifinsa ya shuka dawa, har ya rasu ban je neman gafararsa ba.

Ina jan hankalin matasan malaman gona: idan kun tarar da tsoho yana wani aiki kullum, ku tambayi dalili kafin ku hana. Wuƙar tana wurina har yau, na rasa wanda zan mayar wa.