Lafiya Lau Ɗin da Na Ce wa Yaya Haruna

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da muka binne Yaya Haruna a nan Landan. Ni yanzu na haura saba'in, likita ya ce zuciyata ta fara gardama, kuma akwai maganar da nake tsoron in shiga kabari da ita a bakina. Shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida.

Haruna ɗan wan babana ne. Gwamnati ce ta turo shi karatun injiniya lokacin da arzikin mai ya fara ambaliya a gida, ni kuma na biyo bayansa, na sauka a flat ɗinsa na Tottenham, wurin matarsa Binta. Zamanin ne da mutanenmu ke zuwa hutu su sayi mota sabuwa fil a sa musu a jirgin ruwa. Kowa na ce masa ya koma, ofis da gida da direba suna jiransa. Shi kuwa bawan Allah sai ya kama gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa yana kwasar motocin da suka yi hatsari. Ya cire gilasai, ya fidda kujeru, ya yi waldar bututun ƙarfe a ciki kamar kejin kaji, ya kwance inji ya sake ɗaurawa. Ranar Lahadi mu ja motar zuwa filin tsere, wani kewayayyen fili da ake tseren karnuka a cikinsa wasu ranakun, ya shiga cikin Turawa su yi ta zagaye suna gogar juna.

Idan mun je Juma'a a masallacin Regent's Park dattawa kan tare shi: "Haruna, wai kai da ajali kake wasa?" Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, a filin nan kowa waje ɗaya ya nufa. Titin Kano zuwa Kaduna ne abin tsoro."

Kada wani ya ɗauka mai ganganci ne. Ban taɓa ganin mutum mai tsantseni a kan ƙarfe kamarsa ba. Dokarsa ita ce duk notin da aka ɗaure sai an goga masa farin alli. Yakan ce mini, "Sale, ban yarda da ƙwaƙwalwarka ba, ban yarda da tawa ba. Alli na yarda da shi." Ni ne mai ɗaure tayoyi, ina da shekara ashirin da huɗu, ba yaro ba ne balle in fake da ƙuruciya.

Ranar an yi yayyafi tun safe, ya ce a canza ƙafar baya ta dama, wadda ke ɗaukar nauyi a kwana. Noti huɗu ne. Na ɗaure biyu tam, sauran biyun na murza da hannu, sai Baturen da ke gefenmu ya zo aron sifana, wai minti ɗaya. Na ji kunyar hana shi. Allin kuma ya jiƙe a aljihuna ya zama kamar kunu, don haka ko ɗaya ban yi wa alama ba. Ya dawo da sifanar daidai lokacin da lasifika ke kiran motoci, aka hau gaggawa, wannan na cire jak, wancan na ihu. Shin na koma kan noti biyun nan? Wallahi tallahi har yau ban sani ba. Wani lokaci ina ganin hannuna yana ɗaurewa, wani lokaci ina ganin sifanar yashe a ƙasa.

Haruna na zaune a mota da hular kwano, inji na ruri. Ya ga fuskata, ya nuna baya da kai, ya ɗaga murya: "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya."

Ku da kuka san mu kun san yadda abin yake. Bahaushe ko yana kwance a gadon asibiti ka ce masa lafiya, lafiya lau zai ce, sai daga baya a shiga zancen ciwo. Bakina ya amsa gaisuwa, shi kuwa aiki ya tambaye ni. Kafin hankalina ya riski bakina ya ɗaga mini babban yatsa ya ja mota. Da na ruga da na cim masa a bakin shiga, amma nauyin in ce wa babba na yi sakaci ya dasa ƙafata a wurin.

A zagaye na shida bayan motar ya kwashe, ta daki shinge, motar da ke biye da shi ta shige shi ta ƙofa. Da idona na ga tayar tana gangarawa ita kaɗai. Masu bincike suka ce ba za a iya sanin ko kafin dukan ta fita ko bayansa ba. Ya kwana biyu a asibiti, ranar Talata Allah ya karɓi abinsa.

Yau garejin nan shagon kofi ne, filin kuma ƙaramar hukuma ta ba da shi an jera gidaje. Nakan tambayi kaina me zai ce da motocin yanzu masu lantarki, da ke wucewa sumul ba ka ji ba. Na san zai raina su, ya ce mota ba murya ai gawa ce. Amma motar 'yata da ke ƙara idan iskar taya ta ragu, wannan kam zai so ta, don ba ta san gaisuwa ba kuma ba ta jin kunyar kowa.

Bai bar kofin gasa ko hoto a jarida ba, motocinsa an daɗe da narkar da su. Ya bar ɗa ɗaya, Usman, wanda ana da cikinsa aka yi abin, ya kuma bar Binta, da ba ta sake aure ba. Tana Peckham wurin ɗan. Duk Sallah ina zuwa, ta zuba mini tuwo, ta tsokane ni da ƙanin miji marowaci, ni kuma in ci in tafi da maganar a bakina.

Ban ga dacewar ta ji wannan a jarida ba, don haka shekaranjiya da hantsi na kira ta. Na faɗa mata komai, tun daga sifanar.

Sai ta ce, "Sale, a asibiti yayanka ya farfaɗo sau ɗaya. Ya ce mini kada in taɓa tambayar ka zancen ƙafar baya. Ban tambaya ba. Jira nake ka kawo da kanka."

Ashe ya sani. Ya ga fuskata, ya ji amsata, ya zaɓi amsar. Na ce, "Yaya Binta, don girman Allah, ya ce ya yafe mini?"

Ta ce, "Bai kai nan ba. Ni dai na yafe nawa tuntuni. Usman kuwa bai san komai ba, kuma ba ni zan faɗa masa ba. Ka zo ranar Asabar, yana gida."