Sawun Baba

Ciwon suga ya fara cin Baba ne ta tafin ƙafar hagu. Gyambo ne ɗan ƙarami, kuma kullum maganarsa ɗaya: "Ai ba ya ciwo." Da aka samu ya rufe, sai wani asibiti a Abuja ya ba mu wani faifai mai kama da sikelin awon nauyi. Kowace safiya Baba zai taka shi ba takalmi, faifan ya yi ƙara, ya aika wa wata nas zafin tafinsa. In wuri ya ɗau zafi, wani gyambon na tafe. Baba ya raina abin, ya bar takawa, gyambon ya dawo ya tafi da shi. Har yau ina jin haushinsa, Allah Ya jiƙansa.

Inna na cikin takaba a gidanmu na Kurmin Sarki, ni kuwa ina cikin motar zuwa aiki, sai ga kiran nas ɗin.

"Mun ji daɗi Baba ya dawo taka faifai," in ji ta. "Amma ƙafarsa ta hagu ta yi zafi. Ku kawo shi."

Na ce mata Baba ya rasu. Ta ce a hankali, "To wa ke takawa? Ko yau da safe an taka."

Faifan kuwa yana ɗakin Baba. Tun ranar jana'iza ɗakinsa a kulle yake.

Washegari ban fita ba. Hantsi ya ɗaga, ina tsakar gida, na ji ƙarar nan daga ɗakin. Na tura ƙofar, sai ta buɗe.

Inna ce tsaye a kan faifan, ba takalmi, idonta a rufe.

"In ya yi ƙaran nan sai in ji kamar babanku yana gidan," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba.

Na zaunar da ita, na ɗaga ƙafarta ta hagu. Ƙarƙashin babban yatsa fatar ta yi baƙi, tana tsattsafo ruwa.

"Inna, tashi mu tafi asibiti. Ko mai takaba an yarda ta fita neman magani."

Ta janye ƙafar, ta ja zane ta rufe ta.

"Sai na fita takaba tukuna. Ai ba ya ciwo."