Takwaran Leibel Rudnik

Leibel Rudnik bai yi arziki ba, a shagon wanki da guga ya tsufa a Cleveland. Amma tun da ya gama jami'ar garin, shi ke ciyar da ɗalibai Yahudawa duk yammacin Juma'a, ya kame a ƙarshen tebur yana mitar ba sa cin kifi. Bai haihu ba, matarsa ta rasu. Ɗaliban nan su ne 'ya'yansa, ko da yake sai ya harare ka in ka faɗa.

Cikinsu akwai Nissim Toledano, wanda iyayensa suka zo daga Maroko. Da ya sami ɗa namiji, ya gayyaci tsohon ranar kaciya, wadda ita ce ranar suna a wajensu. Aka raɗa wa jariri suna Leibel.

Nan tsoro ya kama tsoho. Dangin Nissim suna yi wa mai rai takwara don girmamawa. A dangin Leibel kuwa mamaci kaɗai ake yi wa takwara, kada mala'ikan mutuwa ya zo neman babba ya ɗauki ƙarami.

"Kai Nissim, ka ga gawata ne?"

"Haba Baba, ai kai za ka binne mu duka."

"Na haura tamanin, sakarai. Nemana ake yi."

Nissim ya yi dariya. Leibel ya yi karatun kimiyya, ya san camfi in ya gan shi, amma sani bai hana shi tsorata ba. Ana cikin haka zazzaɓi ya kama jaririn, aka kwantar da shi a asibiti. Tsoho ya kasa cin abinci.

Da safiyar Asabar ya lallaba wurin ibadar ɗaliban Yahudawa ya gaya wa malaminsu. Malamin ya tausaya masa.

"To mu ƙara maka suna, Baba, yadda ake yi wa majinyaci. Sai mala'ikan mutuwa ya rasa gane ka."

"In aka ɓoye ni, wane Leibel ya rage in ba jaririn ba?"



Da aka kira Leibel karatun Attaura, ya tashi, ko da yake tsoron mutuwa yake ji ba kaɗan ba. Ya dafa tebur, ya ɗaga murya yadda bai taɓa yi ba.

"Ni ne Leibel ɗan Mordechai, tsohon. Mai nemana ya duba da kyau, ga ni nan."