Kifin da Ba Ya Cin Matacce

Mai Agogo ake ce masa har yau, ko da yake shagon ya daɗe da zama na wani. Ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ɗan lungu tsakanin tela da mai sayar da batir, gilashi maƙale a ido ɗaya, hantsaki a hannu, yana tsintar ƙusoshin da da kaɗan suka fi ƙwayar yashi. Ba mutum ne mai fariya ba, amma in aka zo maganar hannunsa na dama, to a nan kam sai a yi haƙuri da shi. Yakan ce ko a cikin mota mai gudu zai iya mayar da allurar agogo mazauninta.

Da ya rufe shagon, ya gaya wa kowa idonsa ne ya gaji. Ƙarya yake yi, idonsa garau. Hannun ne ya fara rawa, kaɗan-kaɗan da farko, daga baya ya zama ba ya jin rarrashi. Kunya ta hana shi faɗa, har ga matarsa. Ya koyi zama da hannun a aljihu, ya koyi shan shayi shi kaɗai a tsaye a kicin, ya kuma tsiro da gaisawa da mutane daga nesa kamar wani babban mutum.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, tana aiki a kantin magani, kuma ita ta kawo musu kifin. Ta girke akwatin gilashi a falo, ta cika shi da ruwan gishiri da duwatsu, da ɗan injin da ke gurnani dare da rana. Kifin zaki ake ce masa: ja da fari a jere, ga ƙayoyi dogaye ya baza ko'ina, kuma Auta ta ja kunnen kowa cewa akwai dafi a cikinsu. Ba ya sauri, ba ya kula kowa. Maman Auta ta dube shi sau ɗaya ta raɗa masa suna Mai Girma.

"Kifin da ba a soyawa, kuma sai an yi masa hidima," in ji ta. "Ni dai na ga ta kaina a gidan nan."

Halin Mai Girma shi ne ba ya cin abin da ba ya motsi. Ƙananan jatan lande masu rai, wasu 'yan halittun ruwa masu kama da fara, Auta take sayo masa, har ranar da mai kantin kifin ya daina kawo su, sai matattu na firiza. Ya nuna mata dabara: a narkar da guda, a soke shi a bakin dogon tsinken roba, a riƙa kaɗa shi a ruwa har kifin ya ɗauka mai rai ne. Auta ta yi ta kaɗawa, dama da hagu, sama da ƙasa. Mai Girma ya kalle ta, ya juya mata baya. Kwanaki suka tafi a haka, cikinsa ya fara shafewa, ita kuma ta koma cin abinci ba magana.

Wata rana da hantsi, Auta na wurin aiki, uwarta ta fita, Mai Agogo ya ja kujera gaban akwatin. Tausayin kifin ne ya kama shi, don ya san yadda taurin kai yake cin mai shi. Ya narkar da jatan lande ɗaya, ya sha wahala kafin ya soke shi, ya zura tsinken a ruwa. Bai kaɗa komai ba. Hannun ne ya yi aikinsa, naman ya riƙa ɓari yana zillo ba tsari, yadda mai rai yake yi in ya ga mutuwa. Mai Girma ya juyo a hankali, ya buɗe fukafukansa, ya matso. Kafin ƙiftawar ido, tsinken ya zama fanko.

Tsohon ya yi dariya shi kaɗai. Ya zauna yana kallon hannun, bai san ko godiya zai yi masa ko zagi ba.

Daga ranar ya zama mai ciyar da kifi a ɓoye. Ba kullum ba, don ya ji Auta na cewa yawan ci yana kashe irinsu. Yakan wanke tsinken, ya goge ɗigon ruwa a gilashi, ya mayar da komai inda yake. Abin da bai lissafa ba shi ne, kifin da ya ƙoshi da hantsi ba zai kalli abincin yamma ba. Auta ta ci gaba da dawowa tana kaɗa tsinke a banza, tana ganin kifinta na daf da mutuwa.

Ranar hutunta ta fito da bokiti mai murfi ta ajiye a falo, idanunta sun yi ja.

"Baba, zan mayar da shi kantin kifi. Gara ya rayu a hannun wani da ya mutu a nawa."

"Ki ƙara masa lokaci mana."

"Wane lokaci kuma? Rabonsa da abinci fa har na daina ƙirgawa. Ni ce ban iya ba, shi ke nan."

Wannan maganar ce ta soke shi. Yarinya tana zargin kanta a kan abin da shi ya ɓoye, kuma kifin da ya zame masa abokin hira zai bar gidan a bokiti. Ya ji tsoro ƙwarai, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya kulle shago. Ya miƙe, ya zaro hannun daga aljihu.

"Soka min ɗaya ki ba ni."

Ta miƙa masa. Tsinken na kaɗawa tun kafin ya taɓa ruwa, har yana ƙwanƙwasa bakin gilashin. Mai Girma ya taso da saninsa, ya haɗiye abinsa, ya koma bayan dutse. Auta ba ta ko kalli kifin ba.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin in rufe shago."

Maman Auta na tsaye a ƙofar kicin, tana goge hannu da tsumma.

"Sai yau ka ga dama?" ta ce. "Ni da nake wanke rigunanka duk shayi a gaba? Jira nake ka gaji da wahalar da kanka."

Ya dubi gaban rigarsa. Auta ta karɓi tsinken ta ajiye, ta riƙe hannun da nata biyu, yana ta rawa a tsakaninsu.

"Gobe za mu ga likita," in ji ta. "Kuma kada ka ce min idonka ne."

"To," ya ce. Bai janye hannun ba.