Mai Neman Ruwan Sama a Rumfar Gero

Yau a kasuwarmu 'yan sintiri sun ƙwace wa wata budurwa na'urar ɗaukar sauti, wai tana naɗar hirar mutane. Ƙarya ne, a gabana aka yi komai.

Ban san ta ba. 'Yar siririya ce, hijabinta ya koɗe, ta ɗora abin saurare a kansa ya rufe kunnuwanta. Tana tsugune a rumfar Baba Sagiru mai hatsi, ta kife murfin tukunya a ƙasa.

"Baba, don Allah zuba geron a kai, a hankali."

"Ke 'yar nan, saye kika zo ko wasa?" Yana faɗa, yana zubawa.

Ita kuwa idonta a rufe, ta ɗaga yatsa ɗaya. Da ta lura na tsaya, sai ta miƙo min abin: "Inna, saurara ki ji." Wallahi ruwan farkon damina na ji a kan rufin kwano, har na ɗaga kai, ga rana ta ƙwalle.

Ta ce haɗa sautin fim take koyo a Dutse, na'urar kuma ta malaminta ce, aro ya ba ta. Ina jin a gida ma haka take, ana yi mata magana tana sauraren tafasar tukunya.

Ga ta can tsaye, hannu wayam. Ku da kuka ƙwace, ku sa a kunnenku ku ji ko gero yana gulma, sannan ku mayar mata kafin motar Dutse ta tashi.