Mai Kibiya ta Ɗakin Gwajin Ƙwaƙwalwa

Bakwai saura kwata take buɗe ɗakin. Yana can ƙarshen baranda, bayan ma'ajiyar magani, inda hayaniyar asibiti ba ta cika isowa ba. Kafin ta ajiye jaka sai ta kunna na'ura. Daga nan ta zauna da kwanon ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, ta bi 'yan maɓallan ƙarfen nan guda ashirin da ɗaya da muke liƙa wa mutum a kai, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta rataye wayoyinsu a ƙusa, kowane launi da wurinsa. Man da ake liƙa su da shi kuwa a aljihun rigarta take saka shi tun da safe, don kada sanyinsa ya razana fatar kan wani. A ɗaya aljihun akwai kibiyar kitso. Daga nan sunan ya samo asali. Likita da mai shara da majinyaci, kowa Mai Kibiya yake ce mata. Ni Yaya nake ce mata.

Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. An ce in rubuta wani abu a kanta, tunda ni ce shugabar ɗakin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara goma sha takwas na yi a gefenta, kuma mafi yawansu cikin kishinta na yi su.

Aikinmu shi ne auna motsin ƙwaƙwalwa. A liƙa maɓallai a kai, na'ura ta riƙa zana layuka a allo, daga layukan likita ya gane ko farfaɗiya ce ke damun mutum, da kuma gefen da take tasowa. Ni da digiri na zo. Ita daga gyaran gadon majinyata aka ɗauko ta, aka yi mata horon wata shida. Amma tun makona na farko na lura cewa in majinyaciya ta shigo, ta kan kafaɗata take leƙawa tana neman wata. Ni a ce mini "sannu da aiki, malama". Ita a ce mata "kin ga na dawo". Waɗannan gaisuwa biyu ba ɗaya ba ne, kuma wanda aka yi wa ta farkon ya fi kowa sani.

Shekara tara da suka wuce Farfesan sashenmu ya fara wani bincike a kan farfaɗiya a jikin mata. Ana son a bi mata ɗari uku tsawon shekara biyu, a yi wa kowacce gwaji sau huɗu, a ga yadda magani ke aiki. Wata shida da farawa, rabin matan sun daina zuwa. Waɗanda suka zo kuma layukansu duk kwaramniya, don maɓallan ba sa zama a kai. Masu ɗaukar nauyin binciken suka aiko cewa in abin bai gyaru ba cikin wata uku, a rufe. Rufewar na nufin matan su rasa likitan da ke bibiyar su.

Farfesa ya tara mu. Wani likita ya ce jahilci ne. Wata ta ce kunya ce. Ni na tashi na yi dogon bayani a kan wayar da kai. Sai muka ji muryar Mai Kibiya daga kujerar baya.

"Ba jahilci ba ne, ranka ya daɗe. Kai ne."

Farfesa ya cire tabarau. "Ni ne?"

Ta dafa ɗankwalinta. "A'a, kan nake nufi. Gashi."

Da aka gama dariya ta yi bayani. Muna ce wa mace ta tsefe kanta, ta wanke, kada ta shafa mai. Ta zo mu cika mata gashi da abin liƙi, ta koma gida ta kwana uku tana fama da shi. Duk wadda ta taɓa mata kai sai ta tambaye ta ina ta je, ita kuwa ciwon nan ɓoye shi take yi. Ta ce, "Ku ba ni mako biyu."

A kan 'ya'yanta mata ta gwada, sannan a kan mai sharar ɗakinmu. Ta auna kai da tef kamar yadda muka saba, ta ɗiga alama a wurare ashirin da ɗayan nan, sannan ta ja kitso ta yadda kowace tsaga za ta bi ta kan alamar. Fata ta fito fili, maɓalli ya zauna daram. In an gama gwaji ta goge wurin da auduga da ruwan ɗumi, mace ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi gida da sabon kitso, ba mai tambayar ta komai sai dai a ce wa ya yi miki. Kafin wata uku matan sun dawo, har da waɗanda ba ranarsu ba.

Ke ce wadda kika ga abin da mu masu kwali muka zauna a kansa wata shida ba mu gani ba. Na tafa miki a lokacin tare da kowa, Yaya, amma tafin bai kai zuci ba.

Abin bai tsaya nan ba. Mace in ana mata kitso bakinta yakan buɗe. Abin da ba ta faɗa wa likita a minti biyar ba, sai ta faɗa a minti arba'in tana zaune a gaban Mai Kibiya. Akwai wata tela da aka yi ta ƙara mata magani ciwon bai lafa ba, har likitoci suka fara cewa jikinta ne ba ya karɓa. Ana cikin kitso ta ce, "Anti, in faɗa miki gaskiya? Tun da na samu ciki ban ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya ba. Tsoro nake kada ɗan ya fito da nakasa." Mai Kibiya ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, "To, kin yarda mu je wurin likita tare, ki faɗa da bakinki? Shi ya san wanda ya fi dacewa da mai ciki." Suka je. Da aka bincika sai ga mata da dama haka suke yi a ɓoye. Wannan shi ya zama babban abin da bincikenmu ya gano. Telar ta haihu lafiya, kuma har yau in ta zo karɓar magani sai ta biyo ta ɗakinmu.

Ni kuwa me na yi? Na je ofishin Farfesa na ce an mayar mini da ɗakin gwaji shagon kitso, aiki yana tafiyar hawainiya. Ya dube ni ya ce, "Kawo mini layukan da suka fi nata tsabta, sai mu yi magana." Ba ni da su. Na fito cike da kunya, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka zo wallafa sakamakon, ni aka ba aikin shirya takardar. Sunaye bakwai a sama, nawa na uku. A ƙasa, wurin godiya, Farfesa ya rubuta layi ɗaya da sunanta. Mujallar ta ce a rage kalmomi. Akwai wurare hamsin da zan iya ragewa. Layin nan na goge. Farfesa ya sa hannu bai lura ba. Bayan haka aka tura ni taro wata ƙasa, na nuna hoton kitson a babban allo. Wata likita ta tambayi wanda ya ƙirƙiro shi. Na ce, "Mu ne, a sashenmu." Kura da shan bugu, gardi da shan tafi.

Da na dawo ta rungume ni ta ce, "Ƙanwata, kin fitar da mu kunya. Kin dai gaya musu kada a ja na gefen kunne da ƙarfi ko? Yana sa ciwon kai." Ban gaya musu ba. Ban ma sani ba.

Shekara uku da suka wuce mahaifiyata ta yi shanyewar ɓarin jiki. Ta warware, amma daga baya sai ta riƙa ɗaukewa ana cikin magana, ta ƙura ido wuri ɗaya tana motsa baki, in ta dawo ba ta san an yi ba. 'Yan'uwa suka ce tsufa ne. Ni na san ba shi ba ne. Na kawo ta ɗakinmu, na ce ba mai taɓa kan uwata sai ni. A maɓalli na huɗu ta ture mini hannu.

"Hannunki nauyi gare shi tun kina yarinya. Ƙyale ni."

Ta fizge wayoyin, ta ce a mayar da ita gida. Mai Kibiya ta ja kujera ta zauna a bayanta, ta ce, "Mama, wannan furfura ai ta fi ƙarfin yara. Bari mu tsofaffi mu gyara abinmu." Ta fara tsaga a hankali tana tambayar ta jikoki. Kafin a kai rabi mahaifiyata ta yi barci. Ina zaune gaban allo na ga abin da nake tsoro ya fito a gefen hagu, sarai, ba kwaramniya ko kaɗan. Aka ɗora ta a kan magani. Yau shekararta biyu da rabi ba ta ɗauke ba. Duk ranar da na koma gida sai ta ce, "Ya ɗiyata?" Ba ni take nufi ba. Har yanzu abin yana sosa mini rai, ba zan yi ƙarya ba.

Mako guda bayan gwajin na sami Mai Kibiya tana wanke maɓallai. Na ce, "Yaya, akwai sunanki a takardar nan. Ni na cire."

Ba ta ɗago ba. "Na sani. Na ga ta farkon a kan injin buga takarda."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na shiga banɗaki na yi kukana. Wata guda ko muryarki ba na son ji. Amma ranar akwai mata goma sha biyu a kan benci, kuma ke kika iya karanta layukan. In na yi faɗa da ke, su wa zai duba?" Ta miƙo mini tawul. "Ya yi mini ciwo, kada ki ɗauka bai yi ba. Riƙe nan, ki tsane mini waɗannan."

Na rubuta wa mujallar, na faɗa wa Farfesa da bakina. Ya mayar da kansa kan takardunsa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan wata bakwai gyaran ya fito, layi biyu a ƙasan shafi. Na kai mata. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sun cinye harafi ɗaya." Ta ninke takardar ta saka a jaka.

Yanzu yatsunta sun kumbura da ciwon gaɓɓai, wata rana da ƙyar take rufe hannu. Ma'aikata huɗu daga wasu asibitoci sun zo sun koyi aikin a wurinta, ba ta ɓoye musu komai ba. Makon jiya wata majinyaciya ta tambaye ta wa za su tarar in ta tafi. Ta nuna ni ta ce, "Ƙanwata. Ta fi ni sanin ciwon nesa ba kusa ba. Fuskar ce dai ba ta saki da wuri, ku yi haƙuri da ita."

Ke ce inuwar da ba ta tambayar mai zama daga ina ya fito. Ke ce kika riƙe kan mata ɗari uku a hannunki, kika riƙe sirrinsu, ba wanda ya taɓa jin na wata a bakinki. Na gode, Yaya, a madadinsu, da madadin mahaifiyata, da madadin ni da na fi kowa cin amfaninki kuma na fi kowa ƙin faɗa.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, ku koyi zama da majinyaci har ya gama maganarsa, kamar yadda take yi. Masu rubuta takardun bincike, kafin ku aika, ku leƙa ɗakin da aka yi aikin, ku ga ko akwai wanda hannunsa ke ciki sunansa ba ya ciki. Ku rubuta shi tun yana da idon karantawa.

Allah ya ba hannuwan nan lafiya, ya sa ki huta cikin jikokinki. Ni kuma ya ba ni rabin abin da ya ba ki. Na yi alkawari ba zan sa ido a kan sauran rabin ba.