Ranar da MaShezi Ta Fara Kitso Daga Goshi

A Durban, watan Janairu ba ya barin mutum ya bushe. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Gishiri ya dunƙule a kwano, takalmin da ka tura ƙarƙashin gado ya yi fumfuna. Iskar teku tana zuwa, amma da nauyinta take zuwa, kamar an yafa maka jiƙaƙƙen bargo. Da yamma kuma hadari ya leƙo ta bayan tuddai.

A haka MaShezi ta tsufa tana kitso a wani ɗan shago a unguwar Umlazi, daf da tashar mota. Ni ce mai dafaffiyar masara a bakin ƙofarta, kuma na daɗe ina mamakin matar nan. Da safe, kafin ta taɓa mataji, sai ta fito ta shafa wuyanta, ta murza yatsu biyu. In ta ji danƙo ya yi yawa ta ce, "Yau hadari da wuri zai zo." Da an yi tsawar farko kuwa, ta ɗauko zannuwa ta rufe madubai, ta jefa tsinken ƙarfe a aljihun tebur, ta zauna ta harɗe hannu. Ko kan wa ke gabanta, ba ta ƙara taɓa shi sai sama ta yi shiru. Haka kakanninmu suke yi, sai dai su ba su da mai jira a kujera.

Na taɓa tambayarta, "Mama, kin taɓa ganin wadda aradu ta faɗa wa ta madubi?"

"Ban taɓa ba."

"To?"

"To me? Ai rufewa nake yi, shi ya sa."

Tana da dabararta. Kowace makitsiya daga ƙeya take farawa. Ita kuwa ranar da ta ji iska ta yi nauyi, daga goshi take farawa, don ko hadari ya tsayar da aiki, mace ta tattare na baya ta fita da fuskarta fes.

Wata Asabar wata baƙuwa ta zo, Gcinile, siririya, ba ta da surutu, sai ƙus-ƙus take da baki tana buga yatsa a gwiwa. Ƙananan kalaba take so, kuma da la'asar ake jiranta a cikin gari. MaShezi ta leƙa sama, ta tsuke baki, ta fara daga goshi ba tare da ta tambaye ta ba. Gcinile ta lumshe ido, hankalinta na wani wuri.

An wuce tsakiyar kai ke nan sama ta yi gurnani. MaShezi ta miƙe ta rufe madubai. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kashe min wuta, na kwaso tukunyata na shigo.

Gcinile ta shafa ƙeyarta, ta ji gashi a tsaye cirko-cirko.

"Mama, bayan fa?"

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Gaba ya yi kyau. Wa zai bi ki yana leƙen ƙeya?"

"Kowa! Mama, ni ce ke tsayawa gaban mawaƙan cocinmu ina jagorantarsu da hannu. Yau gasa ce. Baya nake juya wa mutane daga farko har ƙarshe. Alƙalai ba abin da za su gani sai ƙeyata!"

MaShezi ta zagaya ta leƙa ƙeyar.

Na ce, "Ki ɗaura ɗankwali mana."

"Duk mun yi alkawarin kitso iri ɗaya, har maki ake bayarwa a kan shiga. Ni na kafa dokar ma. Mama, don Allah, ai tsawar tana nesa."

Sai ga wata tsawar ta fashe a kan rufin, kwano ya amsa. MaShezi ta ce, "Ga ta nan ta ji ki." Ta ƙara matse hannuwanta a hammata. Amma na lura idonta na kan ƙeyar nan, leɓenta na motsi, tana tsaga layuka a zuci.

Da tsawar ta gangara wajen teku, lokaci ya riga ya ƙure. MaShezi ta kwashi gashin ƙari ta danƙa min, ta sa wa shago kwaɗo da rana tsaka, abin da ko ranar bikin ɗanta ba ta yi ba.

"Ku tashi. A mota za mu ƙarasa."

Muka cusa kanmu cikin bas, Gcinile a kujerar gaba, MaShezi a bayanta, ni a gefe ina miƙa gashi. Titi na fitar da tururi, gilasai sun yi hazo, gumi na bin kowa.

Direba ya waigo. "Kaka, motar tawa ce ta koma shago? Sai a biya ni haya."

"Kalli titi, ɗan nan. Ka faɗa rami in karkace layi, kai zan yi wa kitso."

"Da wane gashin?" in ji wata mata a baya. Mota ta kwashe da dariya, direba ya shafa sanƙonsa. Matar ta ajiye jakarta ta matso ta kama gefe guda, wai ita ma ta iya. MaShezi ta duba hannunta sau ɗaya, ta ce, "Ƙara matsewa," ta ƙyale ta.

A bakin zauren gasar aka ɗaure kalaba ta ƙarshe. Gcinile ta zura da gudu. Mu ma muka bi ta, ni da ƙaurin hayaƙi a jikina, muka zauna can gaba. Da ta hau ta juya mana baya ta ɗaga hannu, ƙeyar nan ta kwanta lumui, tana sheƙi a ƙarƙashin fitila. Su suka zo na biyu, kuma ba wanda ya ce kitso ne ya ja musu.

A hanyar komawa na ce, "Mama, kin ji muryoyi kuwa? Har tsigar jikina ta tashi."

Ta ce, "Layi ɗaya ya karkace ta hagu, inda wancan mai sanƙon ya faɗa rami." Sannan ta juyo. "Wace waƙa suka yi?"